Ruwan Wikki na Yankari da mai juna biyu: ruwan ba laifi, abin da ke kewaye da shi ne abin dubawa

"Maigida ya ce za mu Yankari hutun nan, ni kuma cikina wata biyar. Zan iya shiga ruwan Wikki?" Idan aka yi wannan tambaya a gida, musamman a gaban uwar miji, amsar a'a ce tun ba a rufe baki ba. Hukuncinmu a kan wurin, bayan an auna shi da bukatun mai juna biyu, ya sha bamban da haka. Matar da cikinta ke lafiya, tsakanin mako na 14 da na 28, za ta iya zuwa, za ta iya shiga ruwan, kuma mai yiwuwa ta fi kowa a ayarin jin daɗinsa. Sai dai ruwan shi ne ƙaramin abin damuwa a tafiyar. Matakalar da ake sauka zuwa gare shi, da sauro, da motar zagayen dawa, da nisan masauki da asibitin da ke iya yin tiyata, su ne ke son a zauna a yi musu lissafi.

Gandun Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a Disamban 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar a 2006. Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya a nufi ƙofar shiga da ke Mainamaji, kimanin kilomita 29 daga Dindima. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki kuma akwai wasu kilomita 42 a cikin daji. A riƙe wannan lamba ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Mutane da yawa da sun ji an ce ruwan ɗumi, sai hankalinsu ya tafi ga ruwan wankan jego, mai sa fata ta yi ja. Wikki ba haka yake ba. Zafinsa digiri 31.1 ne a ma'aunin Salshiyas, dare da rana, rani da damina. Zafin cikin jikin ɗan Adam kuwa digiri 37 ne, saboda haka ruwan Wikki ba ya ƙara wa jiki zafi, janye shi yake yi a hankali. Abin da likitoci ke gudu ga mai ciki shi ne zafin cikin jikinta ya haura digiri 39, musamman a makonnin farko, lokacin da laka da ƙwaƙwalwar jariri ke haɗuwa. Shi ya sa ake hana ta ɗakin sirace da kwamin ruwan zafi mai kumfa na manyan otal, wanda zafinsa kan kai digiri 40. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta sa iyakar digiri 32 ga ruwan da mai ciki za ta motsa jiki a cikinsa. Wikki ya shiga ƙarƙashin iyakar, amma da ƙyar, bai kai digiri ɗaya tsakani ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce ruwan ya dace da tafiya a ciki, da iyo a natse, da shawagi, bai dace da tsere ko iyo mai sa haki ba. Ma'auni mai sauƙi: idan ba za ta iya yin magana jimla guda ba tare da ta tsaya jan numfashi ba, ta wuce gona da iri.

Ruwan yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, ana hango farin yashin ƙasa. Faɗinsa kamar mita 13, zurfinsa ya kai mita 1.9 a wajen bakin dutsen, wato ya shanye kan dogon namiji, sannan yana raguwa idan ana bin gangaren ruwa. Lita miliyan 21 yake zubarwa a kowace rana zuwa kogin Gaji. Wannan gudu nasa shi ne tsabtarsa, domin ruwan da aka yi wanka a ciki yanzu ba shi za a tarar an jima ba, amma kuma gudun yana da ɗan ƙarfin da zai ture wadda ba ta kafa ƙafa da kyau ba. Wurin mai ciki shi ne inda ruwa ya tsaya tsakanin cibiya da ƙirji, kusa da gefen da za ta iya dafawa. Bakin dutsen a bar wa samari masu tsalle. Kada ma ta tsaya kusa da inda suke dirowa, don ƙafar yaro ɗaya a ciki ta isa ta ɓata hutun.

Amfanin da za ta samu ba na yaudara ba ne. Idan ruwa ya kai cibiya, kusan rabin nauyin jiki ya sauka daga ƙafafu. Idan ya kai ƙirji, abin da ƙafafu ke ɗauka bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Mai ciwon baya da kwankwaso takan ji sauƙi nan take. Matsin ruwa kuma yana kora kumburin ƙafa ya koma cikin jijiyoyi, shi ya sa bayan minti ashirin za ta ji fitsari ya matse ta. Wannan ba alamar matsala ba ce, aikin ruwan ke nan. Wadda ke fama da ciwon gaban ƙugu, irin wanda ke tsananta idan an buɗe ƙafafu ko an juya a gado, ta guji iyon kwaɗo, domin harbin ƙafarsa yana buɗe gaɓar da ke ciwon. Tafiya a ruwa ko kaɗa ƙafa sama da ƙasa ya fi mata.

Akwai maganar da ake yi cewa ruwa zai shiga ya taɓa jariri. Ba ya shiga. Bakin mahaifa a rufe yake, da wata majina mai kauri da ta toshe shi, jaririn kuma yana cikin faya. Amma wannan kariyar ita ce ta nuna waɗanda ruwan ya haramta gare su. Wadda fayarta ta fashe ko take ganin ruwa na tsiyaya, ko kaɗan ne. Wadda ke ganin jini. Wadda aka yi wa ɗinkin bakin mahaifa. Wadda hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare hanya. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini kuma mararta ke yawan ɗaurewa. Mai hawan jinin ciki, mai ƙarancin jini sosai, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya. Yawancin waɗannan ba ruwan kaɗai ba, tafiyar ma gaba ɗaya ba tasu ba ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai sikila kuwa sai da izinin likitanta, kuma babban haɗarinta ba a cikin ruwan yake ba, a fitowa ne: jiƙaƙƙen jiki daga ruwan ɗumi zuwa iskar hunturu, ga ƙishirwar hanya, abubuwa biyu ke nan da ke tayar da ciwon.

Abu ɗaya da Wikki bai da shi shi ne sinadarin kulorin. Ruwan Allah ne, ba kwamin otal ba, kuma likitocin matafiya suna yi wa duk ruwan daɗi na ƙasashenmu kallon tuhuma saboda tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi, waɗanda ke son ruwa mai kwanciya da ciyayi, ta huda fata ta shiga ba tare da an ji ba. Sashen sama na Wikki, mai gudu da yashi, ba irin mazauninsu ba ne, amma can ƙasa inda ruwa ya lafa ganyaye suka taru, kada a je. Kogin Gaji kuwa ba a ma zancensa, akwai kada da dorina. Kada a haɗiye ruwan, kada a nutsar da kai, kuma a shiga da sassafe kafin jama'a su cika. Wadda ba ta son ɗaukar ko da wannan ɗan haɗarin tana da hujja, sai ta zauna a inuwa ta yi kallo, ta nemi iyonta a kwamin otal mai tsabta a cikin gari. A can abin dubawa shi ne a iya hango ƙasan kwamin sarai daga gefe, kulorin ya kasance tsakanin 1 da 3 a takardar gwaji, ma'aunin tsami kuma tsakanin 7.2 da 7.8. Wari mai hawa ido ba alamar tsabta ba ce, alama ce ta kulorin ya gauraya da gumi da fitsari.

Yanzu ga matakala, wadda a ganinmu ita ce wuri mafi haɗari ga mai ciki a duk masaukin. Ɗakuna suna kan tudu, ruwan yana can ƙasa a kwari, ana sauka ta doguwar matakala mai gangara. Ƙafafun masu fitowa suna jiƙa ta, ga yashi da busassun ganye. Mai ciki wata shida ba ta ganin yatsun ƙafarta, nauyinta ya karkata gaba, gaɓoɓinta kuma sun yi laushi saboda sinadaran da ke shirya ƙugu don haihuwa. Silifas ɗin wanka shi ne babban abokin gaba a nan, yana zamewa kuma yana fita. A sa takalmin roba mai maɗauri a dunduniya, mai kaushin ƙasa. Hannayenta biyu su zama ba komai, jaka da tawul da yaro duk na wani ne. Mai rakiya, maigida ne ko ƙanwa, ya tsaya ta ƙasanta kullum: a gabanta da taki ɗaya idan ana sauka, a bayanta da taki ɗaya idan ana hawa. Maza kan yi kuskuren wucewa gaba su miƙo hannu suna janta sama. Idan ta zame a haka, baya za ta tafi, kuma babu kowa a bayan.

Fita daga ruwan ma yana da ƙa'ida. Ɗumi yana buɗe jijiyoyin jini, ruwa kuma yana tallafe su; da zarar an miƙe an fito, tallafin ya tafi, jini ya zubo ƙafafu, sai jiri da duhun ido. Mai ciki ta fi kowa saurin wannan, musamman a tsakiyar ciki lokacin da matsin jininta kan sauka. Bayan minti 20 zuwa 30 ta matso inda ruwa yake iya ƙugu ta tsaya minti ɗaya, ta zauna a gefe ƙafafu a ruwa minti biyu, ta sha ruwa, sannan ta miƙe tana dafe da wani. Kada ta tunkari matakala sai ta huta minti goma. Kuma kada a dogara da cewa akwai mai ceto a bakin ruwa. Mai rakiyarta ya kasance cikin ruwan, inda hannunsa zai kai gare ta, ba a tudu yana ɗaukar hoto ba.

Sutura na bukatar magana a fili, don matanmu ba za su shiga ruwa a gaban jama'a ba sai a rufe, kuma daidai ne. Matsalar ita ce abin da aka rufa da shi. Zanin atamfa yana shan ruwa ya yi nauyi, ya nannaɗe ƙafafu. Dogon hijabi yana tasowa saman ruwa ya lulluɓe fuska, ko wani ya taka shi. Abin da ya dace shi ne rigar iyo ta mata mai rufe jiki duka, wadda ake kira burkini: riga mai dogon hannu, wando, da ɗan hijabi mai kama kai, na yadin roba mara shan ruwa. A sayi wadda ta fi girman da aka saba, kuma a duba robar wandon ta zauna ƙarƙashin ciki ko ta haye samansa, ba ta yanka tsakiya ba. Idan ba a samu ba, wandon motsa jiki da doguwar riga iya gwiwa na irin yadin sun wadatar. Da an fito a canza, domin zama da jiƙaƙƙun kaya yana jawo ƙaiƙayin gaba, wanda dama ciki ke sa mace saurin kamuwa da shi. Mai son sakewa ta zaɓi tsakiyar mako da safe. Ranakun Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara wurin cika yake, ga ɗalibai 'yan yawon buɗe ido.

Gwaggon biri shi ne mai unguwar masaukin Wikki, tare da gadu da ke kiwo tsakanin ɗakuna. Birran sun san leda, sun san jakar mata, sun san wanda zai ji tsoro. Babban namiji kan zauna gefen hanya kamar ba ruwansa, yana sosa ciki, sai mai ɗauke da ledar burodi ta zo daidai shi, ya zabura ya fizge. Cizo ba kasafai ba ne. Abin tsoro ga mai ciki shi ne firgita da gudu da faɗuwa. Kada ta riƙe abinci a fili, kada ta ci a waje, ƙofa da taga a rufe ko ana ciki. Idan biri ya kama abu, a sakar masa. Idan kuwa ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafin ciwon haukan kare ba ta da illa ga ciki, kada wani ya ce a jira sai an haihu.

Zagayen dawa shi ne abin da yara suka zo dominsa, Yankari kuwa na da ɗaya daga cikin manyan garken giwaye da suka rage a Najeriya, ga ɓauna da gwanki. Ga mai ciki, a nan muka rage wa wurin maki. Hanyoyin cikin daji na ƙasa ne, mota na tsalle, zagaye kan ɗauki awa biyu ko kusa da haka, ba a sauka yadda aka ga dama, mafitsarar mai ciki kuwa ba ta san wannan doka ba. Girgiza kaɗai ba ta zubar da lafiyayyen ciki, amma buguwar ciki da ƙarfen kujera idan aka taka birki ko aka faɗa rami na iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa. Wadda ta nace, cikin bai wuce mako 24 ba kuma ba ta ciwon baya, ta zauna gaba kusa da direba inda tsalle ya fi sauƙi, ba kujerar ƙarshe ba, ta ɗaura bel idan akwai, ta sa matashi a bayanta, ta gaya wa direba halin da take ciki tun kafin a tashi. Zagayen safe ya fi na yamma sanyi. Kurmin bakin Gaji akwai ƙudan tsando, cizonsa kamar allura, yana ratsa yadi mara kauri, kuma shuɗi da baƙi ne ke jawo shi. Baƙar abaya ba kayan zagayen dawa ba ce. A sa ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske, mai kauri.

Sauro ya fi duk dabbobin nan haɗari. Zazzaɓin cizon sauro a ciki na kawo ƙarancin jini, ɓari, haihuwa kafin lokaci da jariri mara nauyi, kuma yakan ɓuya a mabiyiya uwar ba ta ji komai ba. Mai zuwa awo a Najeriya ko Nijar ta san ƙwayoyi ukun nan na SP, waɗanda aka fi sani da Fansidar, da ake ba ta ta haɗiye a gaban ma'aikaciya: ana farawa daga mako na 13, ana maimaitawa da tazarar wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. A duba kati, idan lokacin sha ya zo a sha kafin tafiya. Ba a shan sa a wata ukun farko, kuma mai shan Septrin kullum ba ta haɗa su. A tafi da gidan sauro mai magani da igiya da 'yan ƙusoshi, kada a ce ai ɗakin akwai na'urar sanyaya ɗaki, wuta na iya ɗaukewa tsakar dare a ko'ina. Man shafawa mai korar sauro mai sinadarin DEET, kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, ya halatta ga mai ciki. A shafa a fatar da ke waje tun kafin magariba, a sake shafawa bayan an fito daga ruwa. 'Yan uwa da ke zuwa hutu daga Ingila ko Amurka lissafinsu daban ne. Wadda ta shekara da shekaru a waje garkuwar jikinta ta tafi, SP ba zai tsare ta ba, shawarar likitoci kuma ita ce ta ɗage zuwa har ta sauka. Idan zuwan ya zama dole, likitanta ne zai zaɓa mata maganin kariya, kuma doxycycline ba ya cikin zaɓin.

Hanya. Daga Kano ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi kusan kilomita 300 ne, daga Jos kamar 130, sannan a ɗora fiye da 100 zuwa masaukin. Duk zaman da ya wuce awa huɗu yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ciki kuwa dama yana sa jini saurin daskarewa. A tsaya duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ta sauka ta taka na minti biyar zuwa goma. Tana zaune ta riƙa lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa, ta sa safar matsi iya gwiwa tun da safe kafin ƙafa ta kumbura. Bel ɗin mota dole ne, kuma yadda ake ɗaura shi ne mutane ke kuskurewa: na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki ya kwanta a kan ƙasusuwan ƙugu, na kafaɗa ya ratsa tsakanin nonuwa ya bi gefen ciki. Ba a ɗora shi a kan ciki, ba a tura na kafaɗa bayan baya. Mai tasowa daga Kano ko Abuja ya fi kyau ya kwana a Bauchi ya ƙarasa da safe. A tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi, kuma ba a tafiyar dare. Masu zuwa ta jirgi zuwa Bauchi ko Gombe su sani yawancin kamfanoni na neman takardar likita daga mako na 28, suna daina ɗauka a wajen mako na 36, ko na 32 ga mai tagwaye.

Mu koma ga kilomita 42 ɗin nan. A cikin daji kada a sa ran abin da ya wuce taimakon farko. Asibitin da ke da likitocin mata, ɗakin tiyata, ma'ajiyar jini da kwalabar jarirai shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a cikin Bauchi, kuma daga ɗakin kwana zuwa can a yi lissafin awa biyu, da rana, da mota lafiyayya. Awa biyu ba komai ba ne ga ciwon baya. Ga zubar jini ko naƙudar wata bakwai, suna da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa muka tsayar da iyaka a mako na 28, duk da ruwan kansa zai yi wa mai wata tara daɗi. Wata ukun farko kuma laulayi da yiwuwar ɓari sun isa dalilin zama kusa da gida. Dole a kasance da mota ta kai da ke kwana a masaukin, tanki fiye da rabi, da direban da aka san ɗakinsa. Da an isa a gwada layin waya a ɗaki, a tambayi ma'aikata wanda ake tasa da yadda ake buɗe ƙofa idan larura ta taso da dare. Tambayar minti biyu ce.

Abubuwan da idan aka gani ba a jiran safiya: jini ko ruwa daga gaba, ciwon mara mai zuwa yana dawowa a kan lokaci, ciwon kai mai tsanani da ganin walƙiya ko kumburin fuska, zazzaɓi, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya, ko motsin jariri ya ragu daga yadda aka saba. Faɗuwa a kan ciki ma haka, ko da ta tashi tana cewa ba komai, don mabiyiya na iya zubar da jini a ɓoye. Wadda rukunin jininta nagetif ne ta faɗa wa likita da bakinta, akwai allurar anti-D da ake so a yi cikin awa 72.

Kafin tafiya da mako guda a je awo, a faɗi gaskiyar inda za a: "Sista, Yankari za mu, kwana biyu, awa biyu ne zuwa babban asibiti, kuma ina so in shiga ruwa." A nemi a auna hawan jini, yawan jini da fitsari, a duba hoton baya a tabbatar da mazaunin mabiyiya. Katin awo da takardar hoto su shiga jakar hannu, a kuma ɗauke su a waya.

Abinci ba shi da wani dogon zance. Masar Bauchi da zafinta ba laifi. Tsire da balangu sai wanda ya gasu har ciki, ban da na hanta, don yawan sinadarin bitamin A da ke cikinta. Nonon da ba a dafa ba da kwaɗon ganyen da ba a san ruwan wankinsa ba a haƙura. Ruwan gora lita biyu da rabi zuwa uku a rana, fitsari ya zama fari-fari. A jaka a sa farasitamol, wanda ba a wuce giram 4 a rana, da ƙunshin ORS. Idan babu, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ibuprofen da diclofenac a bar su a gida.

Lokacin zuwa kuma akwai ciniki a cikinsa. An fi ganin dabbobi a ƙarshen rani, Maris da Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe suka taru a bakin Gaji, amma a lokacin zafin rana kan kai digiri 40, wanda ba na mai ciki ba ne. Damina sauro ya yi yawa, hanyoyin daji sun jiƙe. Disamba zuwa farkon Fabrairu ya fi, da rigar sanyi da babban tawul a bakin ruwa. Kwana biyu sun isa.

Bayan an dawo, duk zazzaɓin da ya zo cikin makonnin da suka biyo baya a yi gwajin jini a ranar, kada a sayi magani a kemis a kan zato. Idan aka ga jini a fitsari, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi suka fito bayan wankan, a gaya wa ma'aikaciyar awo cewa an shiga ruwan da ba na famfo ba, da ranar da aka shiga, domin ƙwan tsargiya ba ya bayyana a gwajin fitsari sai bayan wajen wata biyu. Maganinta praziquantel ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki.